Yawon jirgin ruwa mai ƙyalle a lungunan teku: lissafin da kyamara ba ta ɗauka

A watan Yuni, sa'ad da damina ta zauna a Kaduna manoman Igabi da Giwa suka duƙufa noman farko, a can arewacin duniya lokacin ne ake sauko da jiragen ruwa daga kan tudu a mayar da su teku. Daga Yuni zuwa Agusta bazararsu ke nan. Iyali guda, ko abokai uku ko huɗu, sai su loda abinci da ruwan sha da man dizal a jirgi mai tsawon mita 10 zuwa 14, irin wanda iska ke turawa ta ƙyallen da aka ɗaura a doguwar sanda, su nausa lungunan tekun Norwe ko Alaska ko yammacin Kanada, su yi makonni ba su taka kwalta ba. Hotunansu ne ke yawo a wayoyinmu: farin jirgi shi kaɗai, ruwa ya kwanta luf, duwatsu tsaye hagu da dama. In aka miƙa wayar a majalisa, abin da akan ji bai wuce "masu kuɗi suna shan shagalinsu" ba. Da gaskiyar mai faɗa, domin talaka ba ya wannan yawo. Sai dai rabin tafiyar lissafi ne, kuma mafi yawan lissafin a kan lokacin da ba za a motsa ba ake yinsa.

A fara da wurin kansa. Irin wannan lungu, wanda mutanen Norwe ke kira fiyod, a taswira ya yi kama da kogi, amma kwari ne da ƙanƙara ta sassaƙa. A zamanin da sanyi ya lulluɓe arewacin duniya, wanda ya ƙare kimanin shekaru 12,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita guda ta riƙa gangarowa daga tuddai a hankali, tana gurzar dutse tana rarake shi har ƙasa da matakin teku. Da ta narke, ruwan gishiri ya shigo ya cike gurbin. Shi ya sa bangon yake a miƙe, kuma yadda ya miƙe a sama haka ya zarce cikin ruwa. Sognefjord, mafi tsawo a Norwe, ya kutsa cikin ƙasa kilomita 205, wato ya fi layin dogon Rigasa zuwa Idu tsawo, zurfinsa kuwa a ciki ya haura mita 1,300. Amma a bakinsa, inda ya haɗu da teku, ƙasa ta taso har zurfin bai wuce mita 200 ba, domin a nan ƙarfin ƙanƙarar ya ragu, a nan kuma ta zubar da tarkacen da ta kwaso. A ƙananan lunguna wannan tudu na baki kan rage 'yan mitoci kaɗan ya leƙo waje. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, zurfi a ciki da tudu a baki, domin kusan duk wahalar matuƙi daga nan take tasowa.

Dalilin zaɓar bazara a fili yake: guguwar hunturu ta lafa, kuma ga haske. A birnin Tromsø na arewacin Norwe rana ba ta faɗuwa sam daga wajen ƙarshen Mayu zuwa wajen ƙarshen Yuli, don haka ana iya shiga mashiga mai duwatsu da ƙarfe ɗayan dare ido na ganin komai. Musulmin da ya samu kansa a irin wannan wuri ba shi ne farkon mai tambayar yadda zai gane lokutan salla ba. Malamai sun daɗe da magana a kai, wasu suka ce a ƙiyasta da lokutan gari mafi kusa inda dare da rana ke rarrabuwa, wasu suka ce a bi lokutan Makka, ana kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal da ya yi umarni a ƙaddara lokutan salla. A kudancin duniya, Cile da Niyu Zilan, abin a juye yake, bazararsu Disamba zuwa Fabrairu ce, lokacin da mu nan muke fama da hazo da kaushi. Zafin nasu ma sai a hankali. Rana mai kyau digiri 15 zuwa 20 ne, ruwan sama kuwa ba a magana: Milford Sound a Niyu Zilan yana samun fiye da milimita 6,000 a shekara, alhali Kaduna da duk Agustanta ba ta wuce kimanin 1,200 ba.

Mutane da yawa sun ɗauka sai iska ta biyo ta baya jirgin ƙyalle ke tafiya. Ba haka ba ne. In aka ɗaure ƙyallen a karkace yakan lanƙwashe, iska ta ratsa fuskokinsa biyu, ta ja shi gaba da kuma gefe, irin aikin da fiffiken jirgin sama ke yi. Abin da ke hana jirgin zamewa gefe ko kifewa shi ne wani faffaɗan ƙarfe ko darma da ke maƙale a ƙarƙashinsa, ya nutse kusan mita 2, nauyinsa kan kai kashi ɗaya cikin uku na jirgin gaba ɗaya. Da taimakonsa jirgi kan tunkari iska a karkace, kimanin digiri 45, amma ba ya iya fuskantarta kai tsaye. In daga inda za shi iskar ke fitowa, sai ya yi ta gicciye, dama, hagu, dama, hanyar kilomita 10 ta koma 14 ko fiye. Gudunsa a rana mai kyau kilomita 9 zuwa 13 ne a awa. Mai keke da ya matsa feda zai wuce shi.

To a cikin lungu ba a samun iskar da ake so. Duwatsun suna matse ta, ko dai ta biyo ta baya, ko ta tare gaba, ko ta ɗauke ɗif. Da rana in ƙasa ta yi ɗumi takan shigo daga teku, da dare ta juyo. Wurin gicciyen ma babu: Nærøyfjord na Norwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2005 tare da Geirangerfjord, faɗinsa a wani wurin mita 250 ne kacal. A 1770 Kyaftin James Cook ya zo bakin wani lungu a Niyu Zilan ya ƙi shiga, domin yana shakkar ko iska za ta bar shi ya fito, kuma daga wannan shakka wurin ya samu sunansa na Doubtful Sound, wato lungun shakka. Shi ba shi da inji. Na yau suna da shi, kuma gaskiyar da masu ɗora hotuna ba su cika faɗa ba ita ce, a cikin lungunan, injin dizal ne ke yin kaso mai tsoka na tafiyar, ƙyalle yana naɗe. Wanda ya tafi bai iya canza matatar mai ko cire ciyawar teku daga bututun ruwan sanyaya inji ba, ya tafi da rabin shiri.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar magana ita ce cika da janyewar teku.

Jan da wata ke yi wa ruwa, da gudummawar rana, shi ke sa teku ya cika ya janye sau biyu a yini a mafi yawan gaɓoɓi. Tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. A tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu abin ya fi tsanani, a wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ya yi sauƙi. Wanda ya saba bin kwanan watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin jadawalin. A kudu maso gabashin Alaska da arewacin gaɓar Kanada, bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa kan kai mita 6 ko fiye. Yanzu a tuna da tudun nan na baki. Duk ruwan da zai ɗaga lungu mai tsawon kilomita masu yawa da mita huɗu ko biyar, ta ƙaramar ƙofa zai shiga cikin awa shida, ta nan kuma zai fita. A Saltstraumen kusa da Bodø a Norwe, ruwa kimanin kubik mita miliyan 400 ke bi ta mashiga mai faɗin mita 150, gudunsa kan kai kilomita 37 a awa, yana murɗawa yana buɗe ramuka. A Seymour Narrows, tsakanin Tsibirin Vancouver da sauran tsibiran gaɓar Kanada, yakan kai kilomita 28. Jirgin da iyakar ƙarfin injinsa 13 ne ba shi da ta cewa a nan.

Dabara ɗaya ce. Sa'ad da ruwa zai juya daga shiga zuwa fita, yakan tsaya cak na ɗan lokaci, a wuraren da suka fi tsanani 'yan mintoci ne kawai. A wannan tsakanin ake wucewa. Don haka daga baya matuƙi ke fara lissafin yininsa. A ce jadawali ya nuna ruwa zai tsaya da ƙarfe 2:10 na rana, tsakaninsa da mashigar kilomita 30, gudunsa 10 a awa. Dole anka, ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, ta taso kafin ƙarfe 11, ya kuma ƙara lokaci don ruwan da zai tare shi a hanya. In ya iso da wuri ya yi ta zagaye a gefe yana jira. In ya makara da rabin awa, ya juya ya nemi wurin fakewa na awa shida, ko ya bari sai gobe. A Malibu Rapids, ƙofar lungun Princess Louisa Inlet na yammacin Kanada, mashigar ta lanƙwashe har mai shiga ba ya ganin mai fita, sai an yi shela ta rediyo kafin a kutsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kogin Kaduna a watan Agusta ya kalli mai fito ya san wannan lissafi. Ba ya saita hancin kwalekwale inda zai sauka, sama yake nufa, ruwa ya karkato da shi. Ranar da kogin ya fi ƙarfinsa kuwa, sai ya ɗaure kwalekwalen ya ce wa fasinja, Alhaji a yi haƙuri, yau ba ƙetarawa. Bambancin kawai, cikar teku ana buga jadawalinta shekara guda kafin ta zo, kogi kuwa ba ya ba da sanarwa.

Seymour Narrows yana da labarin da ya nuna iyakar abin da kuɗi da ƙarfi ke iya gyarawa. A tsakiyar mashigar akwai wani dutse mai kai biyu a ƙarƙashin ruwa, Ripple Rock, wanda in teku ya janye tsakaninsa da sama bai kai mita 3 ba. Ya nutsar ko ya lalata jirage fiye da 100, ya ci rayuka fiye da 100. Daga ƙarshe gwamnatin Kanada ta haƙa rami daga wani tsibiri, ta bi ƙarƙashin teku ta hau cikin dutsen, ta cusa masa nakiya tan 1,270, ta tarwatsa kansa ranar 5 ga Afrilu 1958. Dutsen ya tafi. Gudun ruwan yana nan yadda yake, har yau manyan jiragen yawon buɗe ido masu ɗaukar dubban mutane sai sun daidaita isowarsu da lokacin da ruwa zai lafa.

An wuce ƙofa, sai neman wurin kwana, a nan kuma zurfin ke cizo. Anka ba nauyinta ke riƙe jirgi ba, nutsewa take yi cikin laka ko yashi in an ja ta a kwance, don haka akan saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin. Jirgin da ke ɗauke da sarƙa mita 60 zuwa 80 ba zai kwana inda zurfi ya wuce mita 15 zuwa 20 ba. A cikin fiyod kuwa, kana iya jifan dutsen gaɓa da tsakuwa alhali ƙarƙashinka mita 100 ne. Sai a nufi ƙuryar lungu inda rafi ya zubo da yashi, wanda shi ma daga zurfin mita 30 zuwa tudu 'yan taku ne. Ga kuma cikar teku. Wanda ya iso ruwa a cike ya ga mita 7 a na'ura ya ji daɗi, in ruwa ya janye da mita 5 cikin dare, ƙarfen ƙasan jirginsa ya zauna a laka, jirgi ya kishingiɗa. Wanda ya iso ruwa a janye ya ga mita 5 ya saki sarƙa mita 20, in ya cika zurfi ya koma 10, sarƙar ta miƙe tsaye, anka ta tumɓuke yana barci.

Shi ya sa ake haɗawa da igiya. A jefa anka, a ja jirgi da baya zuwa gaɓa, mutum ɗaya ya faɗa ƙaramin kwalekwalen roba da bakin igiya a ɗaure a ƙugunsa, ya tuƙa zuwa dutse, ya hau yana santsi a kan ciyawar teku da ɓawon kifi mai yanka hannu, ya zagaye kututturen itace ya dawo da bakin igiyar jirgi, yadda da safe za a zare ta ba sai an sake sauka ba. Duk wannan da hanzari, domin iska na ture jirgin gefe, wanda ke kan sitiyari yana ƙwala masa kira. A Norwe akan tarar da zoben ƙarfe da aka kafa a jikin dutse tun da daɗewa. A kudancin Cile igiya huɗu akan ɗaura, kowace kusurwa ɗaya, a cusa jirgi cikin loko har rassan itace na shafar sa. Masu bin can bishiyoyi suke dubawa kafin taswira: inda suka tsaya dogwaye a miƙe, iska ba ta isa wurin, inda suka gajarce suka sunkuya gefe guda, a wuce.

Abin da ake wa wannan shiri shi ne iskar da ke faɗowa daga sama. Iska mai sanyi ta fi nauyi, takan taru a kan tuddan ƙanƙara, sannan ta zubo ta cikin kwazazzabo. Wuri na shiru, kan ka ce kwabo ta haura kilomita 100 a awa, ta ɗebi ruwa ta mayar da shi farin hayaƙi, ta wuce, wata ta biyo. Lungun da ya kare ka daga igiyar teku shi ne kuma ya zame mata mazurari.

Ruwan kansa yana kisa ko ba guguwa. A digiri 10 ko ƙasa, wanda ya faɗa yakan ja numfashi ba da sonsa ba a daƙiƙun farko, in kansa na ƙarƙashi ya shaƙi ruwa. Cikin kimanin minti 10 yatsu su daina kama igiya. Iya iyo ba ya ceto a nan. Taimako kuma yana nesa, duwatsu na tare rediyo, shi ya sa ake ɗaukar na'urar da ke aika kiran ceto ta tauraron ɗan adam. Sojojin ruwan Cile ba sa barin jirgi ya tashi sai da takardar izini mai nuna hanyar da zai bi, kuma kullum sai ya faɗi inda yake. Norwe ta wajabta sa rigar ruwa a ƙananan jirage masu ƙasa da mita 8 tun 2015. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi shafar mu. Mutanen da ke da taswira a kwamfuta da inji mai lafiya suna ƙin tafiya in lissafi bai ba su ba, suna kuma sa riga a ruwan da ya kwanta. Mu kuma a Yuni 2023, a yankin Patigi na Jihar Kwara, jirgi maƙare da masu dawowa daga biki ya kife cikin dare a Kogin Neja, mutum fiye da 100 suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta sha nanata haramcin tafiyar dare da wajabcin riga, amma a bakin ruwa, wanda ya ce a jira gari ya waye shi ake wa kallon matsoraci.

Akwai kuma abin da jadawali bai ƙunsa ba. Bangon da ƙanƙara ta bari a tsaye yana iya ɓallewa. Daren 9 ga Yuli 1958 girgizar ƙasa ta zubo da gefen dutse cikin Lituya Bay a Alaska, ruwa ya hau tudun da ke fuskantarsa har mita 524 yana share itatuwa. Jiragen masunta uku ne a ciki daren. Ɗaya ya ɓace da mutanensa biyu, na sauran suka tsira. A Satumba 2023 irin haka ta faru a Dickson Fjord na gabashin Girinlan, inda narkewar ƙanƙara ta raunana gindin dutse, ruwa ya tashi kimanin mita 200, ya yi ta kai da komo tsakanin bangon biyu kwana tara har na'urorin auna girgizar ƙasa a faɗin duniya suna ji. Allah Ya sa ba kowa a wurin.

Kuma duk da ake cewa daji ne ba kowa, wuraren suna da masu su. A Gwaii Haanas, wani keɓaɓɓen yankin tsibirai na yammacin Kanada, wanda ƙabilar Haida ke gudanarwa tare da gwamnati tun yarjejeniyar 1993, baƙo sai ya yi rajista an karanta masa ƙa'idoji kafin ya shiga. Glacier Bay a Alaska sai da izini daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta, kuma an ƙayyade yawan jiragen. Norwe ta fi sakin hannu, dokarta ta 1957 ta ba kowa damar sauka a ƙasar da ba gona ba ko da ba tasa ba ce, muddin bai matsa wa gidan mutane ba. Sai dai a kula da kejin kiwon kifi da wayoyin lantarki da aka ƙetarar a sama, waɗanda sandar jirgi ke iya taɓawa.

Mai tambaya zai ce, mu fa? Najeriya na da gaɓar teku kilomita 853, kuma lungunan ruwa a Neja Delta ba su ƙirguwa. Amma kishiyar fiyod ne. Kogi ne ya gina su da laka, ba su da zurfi, bakinsu yashi ne mai sauya wuri daga damina zuwa damina, jirgi mai ƙarfe mita 2 a ƙasa ba zai yi nisa ba zai maƙale. Kwalekwale mai shafaffen gindi da injin baya ne sarkin wurin. Ga kuma batun tsaro, wanda ya sa masu yawon jirgin ƙyalle na ƙasashen waje ke kauce wa Mashigin Tekun Gini. Inda ake yin abin a gida shi ne Legas, inda ƙungiyar Lagos Yacht Club take tun 1932, mambobinta na tsere a cikin tashar jiragen ruwa da bakin teku. Ɗan Kadunan da ke son ya koyi ja da sakin ƙyalle, can ne makarantarsa, kuma da ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum biyu ake farawa.